Jagorar Ma'aikacin Ɗakin Gwaji: Yadda Ake Auna Saɓanin Na'urorin Gwajin Daskarewar Jini

Wani dattijo da aka dasa wa bawul na ƙarfe a zuciya ya taɓa shigowa ɗakin gwajinmu a nan Maraɗi riƙe da takardu biyu, ɗaya tamu, ɗaya ta wani ɗakin gwaji na daban, kuma kwana ɗaya tak ke tsakaninsu. Tamu ta ce INR ɗinsa, wato lambar da ke nuna jinkirin daskarewar jininsa, 2.5 ne, ɗayar ta ce 3.2, alhali likitansa ya ce a tsayar da shi tsakanin 2 da 3. Ya shimfiɗa su kan tebur ya ce, "Ɗana, ni ɗaya ne, jinin ma ɗaya ne, to wace ce ta yi ƙarya?" Na ce, "Baba, a yi haƙuri, wataƙila da tiya biyu aka auna maka." Ya yi murmushi, domin duk wanda ya taɓa sayen gero ya san tiyar wata kasuwa ba ta wata ba ce. Sai dai a nan abin ya wuce gero, saboda da takarda ta biyu likita zai iya rage masa rubu'in ƙwayar Sintrom, maganin tsinka jininsa, ya bar bawul ɗin cikin haɗarin toshewa.

Ba za a taɓa samun na'urori biyu da suke ba da sakan iri ɗaya a kowane jini ba, kuma neman hakan ɓata lokaci ne. Abin da ya wajaba kan ɗakin gwaji shi ne ya auna girman saɓanin da hannunsa, ya gyara ɓangaren da ke gyaruwa, sauran kuma ya sanar da likita.

Abin da na'ura take aunawa

Gwajin da Armand Quick ya fitar a Amurka a 1935 har yau tushensa bai sake ba: a ɗauki filasma, wato ruwan jinin da aka raba da ƙwayoyinsa, a zuba masa sinadarin tiromboplastin da kalsiyam a zafin digiri 37, a ƙirga sakan har ya daskare. Matsalar tana cikin kalmar "ya daskare", domin kowace na'ura da ƙa'idarta ta yanke hukuncin cewa lokacin ya yi. Na'urorin kamfanin Stago, irin su STart da STA Compact, suna sa ɗan ƙwallon ƙarfe yana lilo cikin filasma, su tsayar da agogo idan kauri ya rage masa motsi. Na Sysmex da na ACL haske suke haskawa, su tsayar da agogo idan filasma ta yi duhu zuwa wani mizani. Mai gwajin hannu kuwa idonsa ne na'urarsa, yana karkata kwalba a ruwan ɗumi yana jiran ganin zaren farko. Shi ma sinadarin ba ɗaya ba ne: akwai na ƙwaƙwalwar zomo kamar Neoplastine CI Plus, akwai na mabiyiyar ɗan Adam kamar Thromborel S, akwai wanda aka haɗa ta fasahar ƙwayoyin halitta kamar Innovin, kuma kowanne da yadda yake jin ƙarancin sinadaran daskarewa.

Don a ɗinke wannan ɓaraka ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da tsarin INR a 1983. Ana raba sakan na majiyyaci da matsakaicin sakan na masu lafiya, sannan a ɗaga amsar da lambar ISI, wadda ke nuna ƙarfin jin kowane sinadari, ta amfani da maɓallin xʸ na kalkuleta. INR ya rage saɓani ƙwarai, amma bai kawar da shi ba, domin lambobi biyun da yake tsaye a kansu duk suna iya gurɓacewa a cikin ɗakin gwaji.

Mataki na farko: a rubuta abin da ke kan kowane tebur

Kafin a taɓa jini ko ɗigo, a buɗe littafi a rubuta wa kowace na'ura sunanta, sunan sinadarin da take aiki da shi, lambar rukuninsa, ranar ƙarewarsa, lambar ISI da ke takardar cikin kwali, lambar ISI da aka shigar cikin na'urar, da matsakaicin lokacin masu lafiya da take lissafi da shi. A kula, takardar kwali takan kawo ISI fiye da ɗaya, kowace da irin na'urar da ta dace da ita, don haka a ɗauki ta na'urar da ke gabanka. Wannan aikin rabin sa'a ne, amma a ganina shi ne ya fi kowane mataki kama kuskure. Lamarin dattijon nan ma a nan ya warware: da muka tuntuɓi abokan aikinmu na can, sai aka tarar sinadarin da suka saba da shi ya ƙare, suka sayo wani mai ISI 1.3, amma tsohuwar lamba 1.7 tana nan zaune cikin na'ura.

A nan ne kuma ya kamata a tsai da ma'aunin da ake rubuta sakamako da shi. Mu a Nijar mun gaji rubuta gwajin Quick da sunan TP, na kashi cikin ɗari, daga tsarin Faransa, inda mai lafiya yake tsakanin 70 da 100, su kuwa majiyyatanmu da ke ƙetarawa ta Ɗan Isa zuwa Katsina ko Kano sukan dawo da PT na sakan. Haruffan iri ɗaya ne a juye, kuma ma'anar ma a juye take: idan jini ya tsinke, sakan hawa yake yi, kashi cikin ɗari kuwa sauka. "28" a takardar Kano da "28" a takardar Maraɗi ba su haɗa komai ba. Ko tsakanin ɗakunanmu biyu, TP na kashi 30 a nan ba lalle ya zama 30 a can ba, domin kowane sinadari da layin lissafinsa. Mai shan maganin tsinka jini irin Sintrom, Préviscan ko warfarin da INR kaɗai ake binsa.

Mataki na biyu: a tsarkake abin da ke faruwa kafin na'ura

Sau da yawa ana ɗora wa na'ura laifin da aka aikata tun a wurin ɗibar jini. Kwalbar wannan gwaji ita ce mai shuɗin murfi, mai sitirat, kuma ƙa'idarta kaso 9 na jini kan kaso 1 na sitirat. Idan jinin bai kai layin da aka zana ba, ko aƙalla kashi 90 cikin ɗari na cikarta, sitirat ya yi yawa, zai kama kalsiyam ɗin da ke cikin sinadari, lokaci ya tsawaita ba tare da majiyyaci yana da wata matsala ba. Irin wannan kwalba mayar da ita ake yi, ko da mai kawo ta ya ce jijiyar yaron ta yi wuyar samu. Haka kuma ba a zuba jinin kwalba biyu cikin ɗaya don a cika ta, domin an ninka sitirat ke nan. Sannan a duba jikin kwalbar: akwai mai sitirat 3.2 cikin ɗari, akwai mai 3.8, kuma ta biyun takan tsawaita lokaci. Ta 3.2 ce aka fi ba da shawara, kuma abin da ya fi muhimmanci shi ne kada ɗaki ɗaya ya riƙa gauraya su gwargwadon abin da aka samo a kasuwa.

Robar ɗaure hannu kada ta wuce minti ɗaya. A cika shuɗiyar kwalba kafin masu hefarin ko EDTA, wasu sinadaran hana jini daskarewa, a juya ta a hankali sau uku ko huɗu, ba girgizawa ba. Jinin da aka ɗiba ta robar ƙarin ruwa da hefarin ya bi ta cikinta yana iya ba da TCA, wato ɗaya gwajin lokacin daskarewa da ake bin mai karɓar hefarin da shi, mai tsawon da zai tayar da hankalin kowa a banza. Idan hematokirit, wato kason jajayen ƙwayoyi a cikin jini, ya haura 55 cikin ɗari, kamar yadda ake gani a jarirai sabbin haihuwa da masu wasu cututtukan zuciya, filasmar da ke cikin jinin kaɗan ce, don haka sai an rage sitirat. Lissafinsa shi ne a cire hematokirit daga 100, a ninka da yawan jinin, a ninka da 0.00185. Ga mai hematokirit 65 da jini mililita 4.5, sitirat mililita 0.29 ake buƙata maimakon 0.5.

Daga nan sai injin juya jini: ƙarfi 1500 g na minti 15, don ƙwayoyin filaket da suka rage a filasma su gaza 10,000 a kowace mikrolita. A lura cewa lambar zagaye a minti da ke fuskar injin ba ita ce g ba, kuma injina biyu masu zagaye iri ɗaya amma faɗi daban ba sa tace jini daidai da juna.

Sai batun ajiya, wanda ya fi shafarmu saboda jinin da ake aiko mana daga Dakwaro, Tasawa ko Mayahi. Jinin TP yana iya jira har sa'o'i 24 cikin kwalba a rufe, a zafin ɗaki na kusan digiri 18 zuwa 25, amma ba a sa shi a firji ko kan ƙanƙara, domin sanyi yana tayar da sinadarin daskarewa na bakwai ya gajarta lokaci. Na TCA sa'o'i 4 ne iyakarsa, na mai karɓar hefarin kuwa a juya shi a inji cikin sa'a ɗaya. Zafin ɗaki da littattafai ke nufi ba shi ne na cikin motar haya a watan Afrilu ba, lokacin da garin nan ke haura digiri 40. Idan tafiya ta yi nisa, gara a raba filasma, a daskarar da ita a digiri 20 ƙasa da sifili, inda za ta iya kai mako biyu, a narkar da ita a ruwan digiri 37 na ƴan mintoci idan za a gwada, ba a bar ta kan tebur ta narke da kanta ba.

Mataki na uku: kowace na'ura ta fara yarda da kanta

Ba a kwatanta na'urori biyu alhali ɗaya ba ta maimaita amsarta. A ɗauki filasmar sa-ido ta kamfani, wato wadda aka san amsarta tun farko, mataki biyu, ta mai lafiya da mai tsawo, a gwada kowace aƙalla sau 20 a ranaku daban-daban, a fitar da matsakaici da ma'aunin warwatsuwa da ake gajartawa SD. Idan matsakaici sakan 13.0 ne, SD kuma 0.4, to CV, wato SD a kashi cikin ɗari na matsakaici, ya zama kusan 3 cikin ɗari, kuma a aikin TP na yau da kullum ana son ya tsaya ƙasa da 5. Daga nan a zana jadawalin Levey da Jennings a manna a bango, a riƙa ɗiga sakamakon kowace rana. Dokokin da Westgard ya wallafa a 1981 suna da yawa, amma uku sun ishi ƙaramin ɗaki: ɗigo ɗaya ya wuce SD uku, ko biyu a jere sun wuce SD biyu a gefe ɗaya, ko goma a jere sun taru a gefe ɗaya na matsakaici. Kowanne ya faru, a dakatar da fitar da sakamako. Tazarar da kamfani ya buga a takarda tana da faɗi sosai, har na'ura tana iya zamewa a hankali wata guda ba ta fita daga cikinta ba, shi ya sa ɗaki yake buƙatar tasa tazarar.

Idan CV ya yi yawa, a fara da abubuwan da ke kusa. A sa ma'aunin zafi cikin ramin dumamawa a tabbatar yana digiri 37, da sassaucin digiri ɗaya sama ko ƙasa. Yawancin ƙananan na'urori dumamawa kawai suka iya, ba sa sanyayawa, don haka ranar da wuta ta ɗauke da bazara ɗaki ya zama tanda, na'urar da ke kan batir tana iya wuce 37 ba ta da yadda za ta yi. A auna fifet, wato bututun ɗibar ruwa gwargwado, da sikeli mai kyau, tunda mililita ɗaya ta tataccen ruwa kusan giram ɗaya ce. A duba ruwan da ake jiƙa sinadari da shi, ya zama tatacce na ɗakin gwaji, ba ruwan leda ba, a kuma rubuta sa'ar da aka jiƙa a jikin kwalba. Firji ya tsaya tsakanin digiri 2 da 8, da takardar rubuta zafinsa safe da yamma. Da hunturu kuwa ƙura ce abokiyar gabar na'ura mai haske, sai an riƙa rufe ta ana share ramukan karatu.

Mataki na huɗu: a fitar da lokacin masu lafiya na gida, a tabbatar da ISI

Lokacin masu lafiya, wanda takardun Faransanci ke kira temps témoin, na Ingilishi kuma MNPT, ba a aro shi daga takardar kwali, ba a kuma ɗauke shi daga filasmar sa-ido ko daga jinin ma'aikaci ɗaya da ya miƙa hannu da safe. A nemi manya masu lafiya aƙalla 20, maza da mata, waɗanda ba sa shan magani, ba masu juna biyu ba, a ɗebi jininsu da irin kwalbar da ake ɗibar na majiyyata, a gwada shi sabo cikin ƴan kwanaki. Masu ba da gudummawar jini da ɗaliban da ke koyon aiki sukan taimaka idan an nemi yardarsu. Matsakaicin da ake so shi ne wanda Excel ke fitarwa da GEOMEAN, ko MOYENNE.GEOMETRIQUE a kwamfuta mai Faransanci. Kowace na'ura da nata, ko da kamfaninsu ɗaya, kuma ana sabunta shi duk lokacin da rukunin sinadari ya sake ko aka yi wa na'ura babban gyara.

Ga dalilin wannan wahala a lissafi. Majiyyaci ya ba da sakan 26, lokacin masu lafiya 13, rabo ya zama 2.0. Da ISI 1.0, INR 2.0 ne, da 1.3 ya zama 2.5, da 1.7 kuwa 3.2, wato daidai takardun dattijon nan biyu. Idan kuma ISI 1.3 daidai take amma an bar 12 a na'ura maimakon 13, INR zai tashi daga 2.5 zuwa 2.7. Abin yana ƙara muni can sama: rabo 3.0 da ISI 1.0 yana ba da 3.0, da 1.3 kuwa kusan 4.2. Wannan ne ya sa ake fifita sinadari mai ISI kusa da 1, domin ƙaramin kuskure a sakan ba ya kumbura a cikinsa. Wanda ya samu halin sayen filasmomi masu tabbataccen INR, aƙalla uku da suka bazu tsakanin 1.5 da 4.5, sai ya gwada su kamar na majiyyaci. Idan amsarsa ta kauce wa lambar da aka ba su da fiye da kashi 15 cikin ɗari, ISI ta kwali ba ta dace da na'urarsa ba, sai an daidaita ta a gida tare da wakilin kamfani.

Mataki na biyar: a haɗa na'urorin biyu kan jini ɗaya

Filasmar sa-ido busasshiya ce da aka jiƙa, kuma ba kullum take nuna hali irin na jinin mutum ba, don haka kwatanci na gaskiya da jinin majiyyata ake yin sa. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce samfuri 40 cikin kwanaki biyar ko fiye. A ƙaramin ɗaki tara 40 na iya ɗaukar makonni, kuma ba laifi a fara da 20 a ci gaba da ƙarawa. Abin da ba ya halatta shi ne a cika adadin da jinin masu lafiya don sun fi sauƙin samu, domin a INR 1.0 kusan kowace na'ura gaskiya take faɗa. A sa kaɗan na masu lafiya, mafi yawa na masu shan magani da ke tsakanin 2 da 3.5, da wasu da suka haura 4. A raba filasma ɗaya gida biyu, a gwada a na'urorin biyu cikin sa'a ɗaya ko biyu, yau a fara da wannan, gobe da waccan. Idan ɗakuna biyu ne a unguwanni daban, a daidaita agogo ta waya a yi gwajin lokaci ɗaya.

A jera sakamako a Excel, a fitar da bambancin kowane samfuri da matsakaicin amsoshin biyu, a zana bambanci a tsaye, matsakaici a kwance. Wannan shi ne zanen da Bland da Altman suka bayyana a mujallar Lancet a 1986. Kada a ruɗu da lambar dangantaka ta r, ko ta kai 0.99, domin na'urar da ke ninka kowace amsa sau biyu ma za ta ba da r cikakkiya.

Siffar zanen ita ke nuna inda ciwon yake. Idan na'urorin sun yarda a 1.0, suka ɗan rabu a 2.4 da 2.8, suka yi nisa a 4.0 da 5.1, kamar bakin almakashi, to ISI ce ba daidai ba. Idan kuwa ɗaya tana gaba da kaso iri ɗaya tun daga masu lafiya har sama, misali 1.0 da 1.1, sannan 3.0 da 3.3, a koma kan lokacin masu lafiya. Idan ɗigogin sun watsu sama da ƙasa ba alƙibla, matsalar ta hannu ce ko ta fifet ko ta zafi, sai a koma mataki na biyu da na uku. Idan kuma komai ya tafi daidai sai samfuri ɗaya ko biyu suka yi tsalle, a ɗaga kwalbar a dube ta da ido: filasmar mai shawara da ta yi rawaya ƙwarai, ko wadda ta yi fari kamar madara saboda kitse, tana iya rikita na'ura mai haske, musamman tsohuwa mai launin haske ɗaya, alhali mai ƙwallon ƙarfe ba ruwanta da launi. Wadda ta yi ja saboda fashewar ƙwayoyin jini wajen ɗiba kuwa ba ta da magani a kowace na'ura sai sabon jini.

Iyakar da za a yarda da ita a tsai da ita kafin a ga sakamako, ba bayan an gani ba. Tsakanin na'urorin ɗaki guda, ni ba na son bambancin INR ya wuce kashi 10 cikin ɗari, kuma abin da ya haura 15 ba na barin sa ya wuce ba bincike. Tambayar da ta fi lissafi nauyi ita ce: a samfuri nawa ne likita zai sauya magani idan ya karanta wannan takarda maimakon waccan?

Akwai kuma inda INR ba ya daidaita komai ko an yi duk abin da ke sama. An gina shi ne kan jinin masu shan maganin da ke hana bitamin K aiki, don haka a mai ciwon hanta sinadarai biyu na iya ba da INR mabambanta, haka a mai shan rivaroxaban. Sama da 4.5 ma yarda tsakanin na'urori raguwa take yi.

TCA, fibirinojan da D-dimer

TCA ba shi da wani INR da zai rufa masa asiri. Sinadaransa sun bambanta a abin da ke tayar da daskarewa, wani silika, wani kawolin, wani asid na elajik, kuma jinsu ga hefarin ba ɗaya ba ne. Tsohuwar ƙa'idar nan ta ninki 1.5 zuwa 2.5 ta samo asali ne daga aikin da aka yi a 1972 da sinadarin wancan zamani, ba ta hau kowane sinadari ba. Inda ake da gwajin anti-Xa, mai auna ƙarfin hefarin a jini, ana ɗaure tazarar TCA da 0.3 zuwa 0.7, a jinin majiyyatan da ke karɓar hefarin. Inda babu, aƙalla a kwatanta tsohon rukuni da sabo kan jini ɗaya kafin tsohon ya ƙare, kuma mai karɓar hefarin kada a riƙa yawo da jininsa tsakanin na'urori. Fibirinojan, wato furotin da ke zama zaren gudan jini, wanda na'ura mai haske ke ƙiyastawa daga gwajin TP yakan nuna fiye da gaskiya a lokacin da ya yi ƙasa, wato daidai lokacin da ake buƙatarsa ga mai zubar jini bayan haihuwa, don haka a yi shi ta hanyar Clauss. D-dimer kuwa, wato ɓurɓushin gudan jinin da ya narke, ma'auni biyu gare shi, FEU da DDU, na farko kusan ninki biyu na na biyu, har 500 a FEU ya yi daidai da kusan 250 a DDU.

Na'urar yatsa da kwalbar gilashi

Ƙaramar na'urar hannu irin CoaguChek XS rahama ce ga wanda ke nesa da gari, amma tana da iyakoki da aka rubuta a takardarta. Hematokirit ya kasance tsakanin 25 da 55, abin da ke fitar da masu sikila da yawa da masu ƙarancin jini mai tsanani. Tsinkayen gwajin ba sa son zafin da ya wuce digiri 30, don haka aljihun riga ko akwatin babur ba ma'ajiyarsu ba ce. Ma'aunin ISO 17593 na 2007 ya yarda mata da bambancin 0.5 idan INR bai kai 2 ba, da kashi 30 cikin ɗari tsakanin 2 da 4.5, wanda sassauci ne mai faɗi. Duk amsar da ta haura 4 a tabbatar da ita da jinin jijiya kafin a taɓa magani, idan majiyyaci ba ya zubar da jini.

Ko inda babu na'ura sam, wannan matsala tana nan. Gwajin minti 20 da ake yi wa wanda kububuwa ta sara, kwalbar ita ce na'urar: a zuba jinin jijiya mililita 2 cikin kwalbar gilashi sabuwa, busasshiya, mai tsabta, a bar ta ba motsi, bayan minti 20 a karkata ta sau ɗaya. Gilashi ne ke tayar da daskarewa, saboda haka kwalbar roba, ko gilashin da aka wanke da omo, na iya hana jinin mai lafiya daskarewa, a ɓarar da maganin dafi mai tsada a kan wanda ba ya buƙata. Idan ana shakkar kwalba, a gwada irinta da jinin mai lafiya a gefe.

Abin da za a rubuta, da abin da za a faɗa

A kowace takardar sakamako a sa sakan na majiyyaci, lokacin masu lafiya, INR, sunan na'ura da na sinadari. Ranar da aka sauya rukuni ko na'ura a aika wa likitoci ƴar takarda, musamman na ɓangaren zuciya da na haihuwa, a faɗa musu girman bambancin da aka auna. A maimaita kwatancin duk wata shida, da kuma bayan kowane gyara. Inda aka samu damar shiga tsarin da ake aiko da samfuri daga waje don auna ingancin ɗaki, kamar yadda ma'aunin ingancin ɗakunan gwaji na ISO 15189 ya tanada, a shiga, inda ba a samu ba kuwa, ɗakuna biyu ko uku na cikin gari su riƙa musayar filasma biyar kowane wata uku.

Kafin a zargi na'ura kan INR da ya sauya, a tambayi majiyyaci abin da ya sauya a wurinsa. Metronidazol da kotirimoksazol suna ɗaga shi, rifamfisin na masu tarin fuka yana saukar da shi, haka yawaita ganye kore kwatsam, kamar kwaɗon zogale ko rama da damina, yana iya saukar da shi. Ba hana shi ganye ake yi ba, cewa ake yi ya ci gwargwadon yadda ya saba. Dattijon nan mun sake ɗibar jininsa a ranar, muka raba filasmar biyu bayan abokan aikinmu sun gyara lambarsu, amsa ta fito 2.5 da 2.6. Na rubuta masa sunan sinadarinmu a bangon littafinsa na INR, na ce, "Baba, ka zaɓi wuri ɗaya ka riƙa zuwa, ko nan ko can, idan kuma tafiya ta kama ka zuwa Yamai ko Kano, ka nuna musu wannan shafi kafin su ɗebi jini."